Ba Ta Taɓa Kwana a Gareji Ba

Shekara talatin da ɗaya na yi ina magatakarda a kotu, ina rubuta abin da mutane suke faɗa bayan sun rantse. A tsawon wannan lokaci na fahimci cewa ƙwararren maƙaryaci gaskiya yake zaɓa, ya auna ta, ya yanke ta daidai wuyan wanda zai rataya wa. Duk da wannan sani nawa, ranar da yayan matata ya dafa bonet ɗin motarsa ya ce mini, "Ango, wallahi wannan ba ta taɓa kwana a gareji ba," ban yi masa tambaya ko ɗaya ba.

Ango yake ce mini tun ranar da na auri ƙanwarsa, har yau da furfura ta cinye mini kai. Ni kuma ina ce masa Yaya, kamar yadda take ce masa. Motar mai ƙofa huɗu ce, ruwan toka, shekararta goma sha tara a duniya, goma daga ciki a hannunsa. Kujerunta ba su yage ba, injinta kuma yana kaɗawa a hankali kamar numfashin mai barci. Na ba shi mafi tsokar abin da aka sallame ni da shi daga aiki, ya miƙo mini makulli biyu a zare ɗaya, muka yi musafaha.

Wata uku na farko ban ga aibinta ba. Da zafi ya shigo ta fara nuna hali. Tana cikin tafiya sai ta ɗauke wuta gaba ɗaya, kamar an hure fitila. In murɗa makulli, ta yi ta gurnani ba ta kamawa. Sai ta yi awa ɗaya da rabi a gefen titi, sannan ta tashi kamar ba ita ba.

Bakaniken farko ya ce famfon mai ne, aka sauya. Na biyu ya ce wanda ya ce famfon mai ne bai san aiki ba, kwayil ne. Na uku ya sauya fulogai da batir, ya ƙara da yi mini nasiha a kan man da nake sha a gidajen mai marasa suna. Kowannensu yakan ƙulle mini tsohon ƙarfen da ya cire a leda ya ba ni, don in shaida bai cuce ni ba, ni kuma in kai ɗakin ajiya in jera. Ban da waɗannan akwai lalurorin tsufa: kuloci ya cinye, lagireto ya fara yoyo, shokozoba ta saki, tayoyi suka suɗe. Su ban riƙe kowa da su ba, don ni ma gwiwata ba ta yi shawara da ni ba kafin ta fara ciwo. Amma damina biyu muka yi da bokiti a tsakiyar falo, domin duk lokacin da na tara abin gyaran rufi, motar ta riga mai kwano buɗe baki.

A shekara ta biyu, wata rana da hantsi, ƙanwata ta kira ni daga asibitin garin da mahaifiyarmu take. Ta ce in taho yanzu, Inna tana kiran sunana. Tafiyar awa biyu ce. Na ci rabin hanya motar ta mutu a tsakanin gonaki, inda babu rumfa babu mai sayar da ruwa. Na buɗe bonet, na taɓa duk abin da na taɓa ganin bakanike ya taɓa. Na tsaya a tsakiyar titi ina ɗaga wa manyan motoci hannu suna kauce mini. Da ta huce ta tashi don kanta, na isa asibitin na tarar an ja wa Inna mayafi har kai. Ƙanwata ta ce minti ashirin da biyar ke nan.

Kwana biyu bayan haka, ana zaune a ƙofar gida ana yi mana gaisuwa, wani ya tambayi abin da ya tsare ni a hanya. Kafin in buɗe baki Yaya ya amsa.

"Mota sai da hannu, Ango. Kai biro ka saba riƙewa. Shekara goma tana wurina, ko tari ban kai ta gareji ta kwana a kansa ba."

Aka yi 'yar dariya, irin wadda ake yi a wurin makoki don a sassauta wa mai rashi. Ni ma na murmusa. Har ga Allah a lokacin na yarda laifina ne, kuma da wannan yarda na yi wata biyar ina kwana ina tashi.

Wanda ya raba ni da ita wani dattijo ne mai gyaran wayarin mota, a wata rumfar kwano bayan kasuwar kayan gyara. Ina tsayawa ya ajiye abin da ke hannunsa, ya zagaya motar yana tafa hannu.

"A'a! Kifanya ce da kanta? Ashe kina raye, 'yar nema!"

Na ce, "Ka san ta ne?"

"Na san ta? Ni na yi mata wankan jego. Shekarar da aka yi ambaliya, kwana biyu ta yi a cikin ruwa har saman kujeru. Laka muka riƙa kwasowa da cokali. Tun daga nan wayarinta ya ruɓe, muka raɗa mata Kifanya."

Na gaya masa rantsuwar da aka yi mini. Ya yi dariya har sai da ya dafa ƙofa.

"Ai bai yi maka ƙarya ba, Malam. Ni ne nake zuwa gidansa da jakata. In ta mutu a hanya, janwe ya ja ta zuwa gida, a rufe ƙyaure, a aiko mini. Ya ce motar da aka saba gani a gareji ba ta da daraja ranar sayarwa. Zo ka ga ciwonta."

Ya buɗe ƙofar gaba ta wajen fasinja, ya ɗage kafet ɗin da ake taka ƙafa, ya cusa hannu can sama inda kafet ɗin ya ƙare. Ya zaro wani soket da bai fi akwatin ashana ba, bakinsa ya yi kore da tsatsa. Ya ce idan ta yi zafi haƙoransa ne suke saki, wuta ta yanke. Ya danna shi da babban yatsa, ya ce in murɗa makulli. Ta tashi nan take.

"Shi ke nan?" na ce.

"Shi ke nan. Ko minti ɗaya ba a yi."

"Shi mai motar ya san da wannan?"

"Ni na koya masa. Ya ƙware har ya fi ni sauri."

Ya yanko roba daga tsohon tif ɗin taya, ya naɗe soket ɗin tamau ya ƙulle. Ya ce wannan zai riƙe muddin ba a kwance ba, gyara na gaskiya kuwa sai an sauya wayarin gaba ɗaya, kuma kuɗinsa ya fi kuɗin motar. Na yi masa godiya, na shiga na zauna, na daɗe ban tayar ba. Cinikin na iya yafewa; kowa ya sayi tsohuwar mota ya sayi rabonsa na wahala. Abin da na kasa yafewa shi ne jimla guda da mutumin nan ya hana ni. Da ya ja ni gefe ya ce, "Ango, in ta mutu ka danna nan," da na tarar da uwata da rai.

Ban gaya wa matata ba. Shi ma ban tunkare shi ba, domin na san yadda irin wannan shari'a take ƙarewa. Zai ce dattijon ya rikice, ko wata motar yake nufi, dangi su taru su ce a bar kaza cikin gashinta. Shaidar wani ba za ta ishe ni ba. Iƙirari nake so, daga bakinsa, ni da shi. Wata takwas na yi ina gaishe shi, ina cin abinci a gidansa, ina dariyar barkwancinsa, ina jira.

A cikin watannin nan ne ciwon idonsa ya tsananta. Hawan jinin ido ne. Na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma yana tsukewa daga gefe, har ya daina tuƙi ya sayar da sabuwar motarsa. Aka ba shi ranar aiki a asibitin ido, wurin wani likita da yake zuwa sau biyu kacal a shekara. Sharaɗin shi ne wanda za a yi wa aikin ya kasance a gaban teburin rajista kafin ƙarfe tara. Ɗansa da zai kai shi aka tura shi wani gari a wurin aiki. Ana gobe sai matata ta same ni ina wanke mota.

"Malam, kai za ka kai Yaya. Tun da dattijon nan ya taɓa ta ba ta sake yi maka wulaƙanci ba."

Na ce, "Ni zan kai shi."

Da safe, kafin in fita, na ɗage kafet na kwance robar. Ban cire ta ba, na bar ta tana reto a jikin wayar. Na gaya wa kaina cewa abin minti biyar ne: za ta mutu, zai sunkuya, zan gani, mu wuce. Na rubuta wannan ne don in yi wa kaina adalci, ko da yake na san yadda alƙali yake kallon wanda ya ce bai yi nufin abin ya kai haka ba.

Ƙarfe bakwai na ɗauke shi. Ya fito da farar riga da jakar takardunsa a hammata, yana laluben ƙofa da tafin hannu. Ya zauna a gaba, ya miƙe ƙafafunsa a kan kafet ɗin.

"Ango, yau kai ne direbana. Ka tuƙa ni a hankali, kada ka kai musu gawa su yi wa aikin ido."

Na kunna na'urar sanyi har ƙarshe don motar ta yi saurin zafi, na bar hanyar cikin gari na ɗauki ta bayan gari, wadda manyan motoci suke bi, inda tasi ba ya bi sai da dalili. Yana ta ba ni labarin abin da zai fara kallo idan an buɗe masa ido. Ya ce fuskar jikarsa, don an ce ta yi kama da shi, yana so ya ga ko zagin yarinyar ake yi. Takwas saura minti goma, mun wuce wata gada, a gefen dogon bangon wata masana'anta da aka rufe, motar ta ɗauke wuta. Na gangara da ita gefe.

"Lafiya?" ya ce.

"Halinta ne."

Na murɗa sau uku. Na fita na buɗe bonet na tsaya a bayansa, ina kallonsa ta tsakanin bonet da gilashi. Yana zaune ƙiƙam, hannayensa a kan jaka.

"Duba kan batir," ya ɗaga murya.

"Na duba."

"To ko mai ne?"

"Jiya na cika ta."

Ya kira ɗansa a waya, ɗan ya ce ko yanzu ya aiko wani ba zai iso kafin awa ɗaya ba. Ya ce in tare mana mota. Na tsaya a bakin titi na ɗaga hannu, tirela biyu da tankar mai suka wuce suka watsa mini iska. Na dawo na zauna a mazaunina. Zafi ya fara taruwa a cikin motar.

"Ƙarfe nawa?"

"Takwas da minti goma."

"A bar ta ta ɗan huce, za ta tashi."

"Awa ɗaya da rabi take ɗauka, Yaya. Na auna ranar da Inna ta rasu."

Can sai na ga ƙafarsa ta dama tana motsi. Yana tura kan takalminsa sama a hankali, yana dannawa ta bayan kafet, fuskarsa kuma na kallon titi kamar ƙafar ta wani ce.

"Sake gwadawa mu gani," ya ce.

Na murɗa. Ba ta kama ba, domin soket ɗin ya fi inda takalmi yake kaiwa. Wannan ƙafa kaɗai ta isa hujja a gaban kowane alƙali, kuma da ina da sauran imani a wannan safiya da na tsaya a nan. Amma wani daɗi ne ya taso mini tun daga ciki, irin wanda ban taɓa ji ba, daɗin ganin mutumin da ya sa aka yi mini dariya a makokin uwata yana satar taɓa abin da ya rantse babu shi. Na naɗe hannu na jingina.

"Ƙarfe nawa?"

"Takwas da ashirin da biyar."

Gumi ya jiƙa wuyan farar rigar. Ya buɗe jaka ya rufe. Ya ce, kamar mai magana da kansa, wani lokaci waya ce take saki a irin waɗannan motoci, haka ya taɓa ji ana faɗa. Na ce wayoyin mota ai da yawa suke, wacce daga ciki? Sai da na ce masa takwas da talatin da biyar sannan ya ajiye jakar a kan cinyata, ya sunkuya da ƙyar saboda tumbinsa, ya ɗage kafet. Bai yi lalube ba. Hannunsa ya tafi kai tsaye.

Sai na ga hannun ya tsaya. Ya ci karo da robar. Ya bi ta da yatsu daga wannan baki zuwa wancan, ya ji ba tsinkewa ta yi ba, kuma lanƙwasar ƙullin tana nan a jikinta. Ya daɗe a haka, goshinsa a jikin aljihun mota.

"Murɗa, Ango."

"Me kake nema a nan ƙasa, Yaya?"

"Murɗa mana."

"Ni biro na saba riƙewa. Sai an yi mini bayani."

"Don girman Allah, idona ne."

"Na sani. Ita ma uwata ce."

Numfashinsa kawai nake ji. Na sa hannu a kan makulli ban murɗa ba. Agogon hannuna yana gabana, ina kallon sandarsa ta zagaya sau ɗaya, sau biyu, sau huɗu.

"Ruwa ya shige ta," ya ce daga ƙasa, muryarsa a toshe. "Na sani. Tun kafin in sayar maka na sani. Na so in gaya maka, na ji kunya saboda na riga na rantse. Bayan rasuwar Inna kuma tsoro na ji. Abin da na faɗa a wurin gaisuwa, tsoro ne ya faɗa. Ka ji. Na faɗa. Murɗa."

Na murɗa, ta tashi.

Ban tsaya ɗaure robar ba, shi ma bai yarda ya saki ba. Haka muka yi sauran tafiyar, dattijo ɗan shekara sittin da bakwai a dunƙule a ƙasan mota, yatsansa a kan soket, kansa yana bugun aljihun mota a duk ramin da na faɗa. A nan ne na yi gudun da ban taɓa yi ba, na tsallake danja biyu. Amma cunkoson ƙofar gari ba ya sanin uzurin kowa. Tara da minti ashirin muka tsaya a gaban teburin rajista.

Ma'aikaciyar jinyar ta duba takardarsa ta duba agogon bango. Ta ce an kira sunansa sau uku, da ba a ji shi ba aka ba wa na jiran tsammani gurbinsa, likita kuma ya riga ya shiga ɗakin aiki. Na roƙe ta. Na gaya mata shekarunsa, na gaya mata ido ɗaya ya rage masa, na nemi ganin shugabanta, na yi duk irin maganar da na ga lauyoyi suna yi idan ranar ɗaukaka ƙara ta wuce. Ta saurare ni da haƙuri, ta rubuta masa wata rana bayan wata shida, ta ƙara masa maganin ɗigawa. Shi yana tsaye a bayana, gwiwoyin farin wandonsa sun yi baƙi.

A wurin ajiye motoci na durƙusa na ɗaure robar. Yana jin abin da nake yi. Muka kama hanyar gida.

Matata tana gidansa tana jiranmu tare da matarsa. Da suka gan shi babu bandeji suka miƙe tsaye. Na buɗe baki, ban san abin da zai fito ba, sai ya riga ni.

"Mota ce ta yi gardama a hanya. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ku ba Ango ruwa, ya sha rana."

Bayan wata shida likitan ya zo, ya yi aikin, ya ce ya tsare abin da ya tarar, amma abin da ya tarar kaɗan ne. Yanzu Yaya yana gani kamar mai leƙe ta kafar makulli. Idan aka kawo masa jikarsa sai ya riƙa juya kai, ya ga ido, ya ga kunne, ya ga baki, ya haɗa da kansa. Na tambayi likitan a keɓe ko da an yi aikin a karon farko da ya fi haka. Ya ce ba zai iya rantsewa ba, amma wata shida a wannan ciwo ba wasa ba ne.

Na nemi cikakkiyar nadama a zuciyata ban same ta ba. Nakan yi sallah in roƙi gafara da gaske, sannan kafin in naɗe darduma in tuna muryarsa daga ƙasan mota yana cewa "na sani", in ji wani sanyi ya ratsa ƙirjina. Wanda yake jin daɗin zunubinsa bai tuba ba tukuna, wannan ko ɗalibi ya sani.

Duk wata ana duba masa idon. Ɗansa ya dawo gari, yana da mota mai lafiya, amma Yaya ya ce shi ba wanda zai riƙa kai shi sai Ango. Ranar takan zo in je in ɗauke shi, ya zauna a gaba, ya gaishe ni, ya tambayi gwiwata, ya yi shiru har asibiti. Ni nake riƙe hannunsa a matakala, ni nake karanta masa lambar layi, ni nake ɗiga masa magani idan hannunsa ya kasa samun idon. Ban sani ba ko yafiya ce wannan, ko kuwa hukuncin da ya yanke mini ke nan, kuma ba ni da fuskar tambaya.

Jiya da muka dawo, matata ta kawo mini ruwa ta zauna a hannun kujera. Ta ce duk dangi ana maganar yadda nake ɗawainiya da ɗan'uwanta, ko ɗan cikinsa bai yi masa haka ba.

"Allah Ya saka maka da abin da ka yi masa, Malam," ta ce.

Ta tsaya tana jiran in amsa. Na ɗaga kofin na kafa baki, na yi ta sha a hankali har ruwan ya ƙare.